Iskar Cikin Mota: Nasiha Daga Ƙofar Kware

Ɗana, da ke ɗiyata, ina so mu yi magana a kan wani ɗan wuri a cikin mota, tsakanin direba da mai zaman gaba, ƙasa da rediyo. A nan maɓallan iska suke: na fanka, na zafi da sanyi, na zaɓar inda iskar za ta fito. Na lura da yawanku kun ƙware a sitiyari da giya, kun iya juya mota a lungun da ko amalanke sai ta yi dabara, amma wannan wuri abu biyu kaɗai kuka sani a kansa, a kunna esi, a kashe esi. Ban ga laifinku ba. Mai koyar da tuƙi ba ya kaiwa nan, kuma motocin da muke saye, na Baljiyam da na Kwatano, sukan iso ba littafinsu, in ma ya zo sai a tarar da Jamusanci aka rubuta shi.

Mu da muka fara tuƙi a zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, taga ce iskarmu, musamman a motocin haya. Ku kun sami abin da ba mu samu ba, kuma ina taya ku murna. Sai dai motar da ake rufewa ruf tana da nata sharuɗɗa, kuma garinmu Sakkwato ba ya yi wa mota sassauci. Wanda ya fita ta Ƙofar Kware ya nufi arewa, ya haye gulbin Rima, ya wuce Kware da Gwadabawa har Illela, zai gamu da zafin bazara, da ruwan damina, da ƙurar hunturu a kan hanya ɗaya, kowanne da abin da yake buƙata daga waɗannan maɓallai. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba don jin daɗi kaɗai aka sa su ba. Da su ake ganin hanya, da su direba yake zama a farke, wani lokaci ma da su ake ceto inji.

Bari in fara da bazara, tunda ita ce ta fi gwada mu. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, wata rana ya doshi 45. Motar da ta wuni a rana da gilasai a rufe, cikinta yakan wuce 60. Sai ka ga saurayi ya fito daga kasuwa, ya faɗa ciki, ya bar tagogi a rufe, ya murza fanka har ƙarshe, yana mitar cewa esin ba ya aiki. Esin yana aiki, aikin da aka ɗora masa ne ya yi yawa. Iskar waje, duk da zafinta, ta fi ta ciki sauƙi da nisa. Don haka ka fara buɗe ƙofofi na ɗan lokaci, ka sauke gilasai, ka tayar da mota, ka kunna fanka tana jawo iskar waje, ka fara tafiya. Bayan minti biyu ko uku, in wancan turirin ya fice, sai ka ɗaga gilasai, ka danna maɓallin da ke da hoton mota da kibiya mai lanƙwasa a cikinta. Shi ne mai rufe ƙofar iskar waje, ya bar na'urar tana sake sanyaya iskar da ta riga ta sanyaya. Za ka yi mamakin saurin da sanyi zai kama. Inuwar dogon yaro kuwa, ko ɗan kwalin da ake shimfiɗawa a gilashin gaba, sun fi ƙarfin a raina su. Kada kuma ka bar laita, ko fawa banki, ko gwangwanin turaren fesawa a kan dashbod. Suna fashewa.

A nan zan tsaya in daɗe, domin wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai. Ɗiyata, ke da kike ɗauko yara daga makaranta, da kai ɗana da kake cewa bari in shiga in fito yanzu-yanzu: kada ku bar yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyar. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin mota yakan ƙaru da kimanin digiri 10 a minti goma na farko, kuma ɗan sassauta gilashi ba ya rage wani abin kirki. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. Da zarar zafin jiki ya kai digiri 40 an shiga haɗari, kaɗan gaba da haka gaɓoɓin ciki suke fara tsayawa. Yaron da zafi ya kama sau da yawa ba ya ihu, lafewa yake yi kamar mai barci. Barin injin yana aiki da esi a kunne shi ma ba kariya ba ce, domin inji yana mutuwa, esi yana yankewa, yaro kuma yana iya taɓa giya.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba, wato matacciyar motar da aka jingine a ƙofar gida ko a kango. A watan Disamba na 2021, a Badagry ta jihar Legas, an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye. Wasa ya kai su ciki, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk motar da ke tsaye a gidanku, mai rai ko matacciya, a kulle ta, a ɗauke makullin daga inda hannun yaro yake kaiwa. Ranar da aka nemi yaro aka rasa, kafin a bazama unguwa a fara leƙa motoci, har da but. In kuwa an iske shi jiki ya yi zafi rau, a fito da shi inuwa, a cire masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti ba tare da jiran kowa ba.

Na san abin da ya sa da yawanku kuka daina kunna esi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, kowane ɗigo sai an yi lissafinsa. Gaskiya ne esi yana shan mai, domin injin ne yake juya kwamfuresar esin da bel. A cikin gari, inda ba a gudu, in zafi da sauƙi, sauke gilashi ya fi araha. Amma a babbar hanya, inda mota ta miƙe, tagogi a buɗe su ma suna da nasu kuɗi, iska tana riƙe motar, ga ƙura, ga ƙara, ga gajiya. Direban da zafi ya gasa tun daga Sakkwato har Gusau, kafin ya isa hankalinsa ya ragu, fushinsa ya ƙaru. Ban ce ka ƙona abin da ba ka da shi ba. Na ce dai ka sa lafiyar idonka da ta kanka cikin lissafin.

Wancan maɓalli mai kibiya da na yaba ɗazu, yana da ranarsa, yana da kuma inda yake cutarwa. In kana bayan tirela mai baƙin hayaƙi, ko ka shiga ƙura, ko za ka wuce inda ake ƙona shara, danna shi. Amma in mota ta cika da mutane, tafiya kuma ta yi nisa, numfashin da kowa yake fitarwa nan yake taruwa. Sannu a hankali sai hamma ta fara zagayawa, kai ya yi nauyi, ido ya fara lumshewa, direba yana zaton tuwon da ya ci ne. Ka saba da kashe shi lokaci-lokaci, ko ka sauke gilashi na ɗan minti, sabuwar iska ta shigo. In barcin ya ƙi tafiya, ba maɓallin da zai yi maganinsa, ka sami gari ka tsaya.

Maganar barci ta tuna mini da wata al'ada da nake gani, musamman a shekarun nan da azumi ya faɗo cikin zafi, kamar na 2023 da 2024. Wuta ta ɗauke, ɗaki ya yi zafi, sai mutum ya shiga mota ya kunna esi ya kwantar da kujera. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi, irin wadda take kashe iyali a ɗakin da aka kwana da janareta. Motar da ke tsaye wuri ɗaya, hayaƙinta yana taruwa a ƙarƙashinta, in salansar ta huje ko ƙasan motar ya yi tsatsa sai ya sami hanyar shiga. A cikin gareji ko zaure mai rufi kuwa, abin ya fi sauri. Alamarsa ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba zai ji ko ɗaya ba. Don girman Allah, ɗana, gara ka shimfiɗa tabarma a gindin bishiya.

Sai damina. A nan ne na fi ganin rashin sanin nan yana kai mutane bakin rami. Hadari ya taso daga gabas, ruwa ya kece, kowa ya ɗaga gilashi. Mutane sun shigo da jiƙaƙƙun riguna, ga numfashi. Kafin a yi nisa gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Abin da nake gani shi ne direba yana riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da hula ko hannun riga, yana leƙe ta ɗan wurin da ya share, ga babura, ga masu tafiya a ƙafa, ga shanu suna tsallaka hanya. Wani ma sai ya kashe esi, wai ai gari ya yi sanyi. Nan ne kuskuren yake.

Ka dubi kwalbar ruwa da aka fito da ita daga firij, yadda take gumi a jikinta. Ba daga cikinta ruwan ya fito ba, laimar da ke cikin iska ce ta taɓa abu mai sanyi ta koma ruwa. Haka gilashin mota: ruwan sama ya sanyaya shi daga waje, iskar ciki mai laima ta taɓa shi ta kwanta a kansa. Maganin shi ne a busar da iskar ciki, kuma ba abin da yake busar da iska kamar esi. Ɗigon ruwan da kake gani a ƙarƙashin mota in ta tsaya da esi a kunne, laimar da ya tatso ce yake zubarwa waje, ba lalacewa ba ce. To in gilashi ya fara rufewa, juya iska zuwa alamar da ke da hoton gilashi mai ɗan lanƙwasa da kibiyoyi uku masu karkace suna hawa. Kunna esi. Kashe maɓallin nan mai kibiya a cikin mota, domin shi yake tsare laimar a ciki. Ƙara fanka, ka ɗan matsa maɓallin zafi zuwa wajen ja. Kada ka ji tsoron haɗa esi da ɗumi, an ƙera su ne su yi aiki tare: ɗaya ya cire laima, ɗaya ya ɗumama gilashin. Cikin ƙasa da minti za ka ga hanya tana buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Motoci da yawa ma da kansu suke tayar da kwamfuresa da zarar an juya zuwa wannan alama.

Akwai kishiyar wannan, ita ma ka san ta. Wani lokaci bayan ruwa ya ɗauke, gari ya yi lumshi, kai kuma ka bar iska mai tsananin sanyi tana dukan gilashi, sai gumin ya fito ta waje. Ka sa yatsa daga ciki, in bai gogu ba, na waje ne. Kunna waifa, ka kawar da iskar daga gilashi, ka rage sanyin.

Gilashin baya yana da nasa maɓalli, mai hoton murabba'i da kibiyoyin nan uku. Siraran layukan da kake gani a jikin gilashin wayoyin lantarki ne, su suke ɗumi su kori gumin. Ba ado ba ne. Na ga waɗanda suka kankare su da reza garin cire baƙar leda ko sitika, garin gyaran gira suka rasa ido. In kuma esinka ya mutu gaba ɗaya, ka ɗan sassauta gilasai biyu, na dama da na hagu, ka tura fanka da ɗumi zuwa gilashin gaba, ka ajiye tsumma mai tsabta domin wannan aiki kaɗai. Gilashin da ya sha maiƙon hannu ya fi saurin rufewa, da dare kuma fitilar mai zuwa takan watse a kansa ta kashe ido. In duk an yi ba ka gani, sauka gefen hanya sosai, ka kunna fitilun gargaɗi, ka jira. Kasuwar Illela ta Lahadi ba za ta watse don ka makara da rabin awa ba.

Da hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, masu sammako suna sanin cewa Sakkwato ma tana da ɗari, balle in an gangara fadama da asuba. A nan ake tuna da hita, sai a murza a ji iska mai sanyi. Ka san cewa ɗumin hita daga ruwan injin yake fitowa. Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod, ruwan da ya zagaya inji ya yi zafi yana bi ta cikinsa, fanka ta hura iska ta kansa. Saboda haka ɗumin kusan kyauta ne, ba ya shan mai kamar sanyi, amma ba ya zuwa sai injin ya ɗumama. Ka ba shi 'yan mintuna kana tafiya a hankali, ka tura ɗumin wajen ƙafafu, domin ɗumi sama yake hawa. Kada ka cika shi har ya sa ka gyangyaɗi.

Sau da yawa dalilin da ya sa hita ba ta ɗumi shi ne an cire wa motar tamostat tun ranar da ta iso. Wasu makanikai da kyakkyawar niyya suke yi, sai su ce ai na ƙasar ƙanƙara ne, nan ƙasar zafi ce. Ni ban yarda da wannan ba. Wannan ɗan ƙarfe shi yake tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. In babu shi, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar tana ƙara masa mai tana zaton har yanzu safiya ce, ƙarafan ciki suna cin juna. In mota tana zafi, akwai dalili: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta gaza, ko ruwa yana yoyo, ko shi kansa tamostat ɗin ya maƙale, a sa sabo. Haka kuma ban yarda da zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto ba. Ƙasarmu mai farar ƙasa ce, shi ya sa kamfanin siminti yake Kalambaina, ruwan wurare da dama kuma yana barin dasashi a bututu. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa domin lagireto yana hana tsatsa, yana kuma jure zafi fiye da ruwa zalla. In ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, gilashi yana maiƙo daga ciki, kafet ɗin gaba yana jiƙewa, ƙaramin lagireton nan ne ya huje. A gyara shi ya fi a toshe bututunsa a manta.

Dalilin da ya sa nake so hitarka ta kasance da rai har a bazara shi ne, wata rana ita za ta fitar da kai. In kana cikin tafiya ka ga allurar zafi tana hawa, kashe esi nan take, sauke gilasai, murza hita da fanka har ƙarshe. Za ka sha wuya, amma tana janye wani kaso na zafin injin har ka sami inda za ka tsaya lafiya. Ba gyara ba ne, jinkiri ne kawai. In allura ta kai ja, tsaya ka kashe mota. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Na ga yaran mota da tabon wannan a fuska da ƙirji, abin tausayi, ruwan yana fitowa da ƙarfi kuma ya wuce tafasa. Ka jira har hannu ya iya taɓawa.

Ƙurar hunturu kuma tana da nata ɓarna a ɓoye. A motoci da yawa, irin su Corolla da Camry, akwai matatar iska a bayan akwatin da ke gaban mai zaman gaba. Wasu sun shekara da shekaru da mota ba su san da ita ba. In ta toshe, fanka tana ƙara amma iska ba ta fitowa, mai asma kuma yana shan wahala. Ciro ta ka duba, kakkaɓewa ko canzawa ba ya ɗaukar minti goma. Ragar da ke gaban lagireto, wato kwandansa, ita ma a riƙa wanke ta da ruwa marar ƙarfi, domin ta nan zafin da aka kwaso daga ciki yake fita. Ko gari da sanyi, ka riƙa kunna esi na kamar minti goma a mako, domin man da ke shafa kwamfuresa tare da gas yake zagayawa, in ya daɗe a kwance robobin suna bushewa su fara yoyo. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Wannan ya kawo mu wurin mai gyara. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. In ana ƙara maka shi duk bayan wata biyu, akwai inda yake fita, kuma kuɗin da kake zubarwa da sun isa a nemo ramin a toshe. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ke faɗin irin gas ɗin motarka da nauyin da take ɗauka. Tsofaffin motoci sun yi amfani da R-12, wanda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda ɓarnar da yake yi wa sararin samaniya. Yawancin waɗanda ke kan titunanmu R-134a suke sha, sababbin da ke fitowa daga Turai kuma R-1234yf. Ba a gauraya su, ba a kuma cikawa fiye da ƙima, yawansa yana rage sanyi ya kuma wahalar da kwamfuresa. Mai gyaran kirki zai zuƙe iskar da ke cikin bututu kafin ya zuba, zai sa ma'auni, zai nuna maka gwangwanin. Wanda ya ce zai yi maka a rabin kuɗi da gas marar suna, ka tuna araha ba ta ado, wani irin ma yana kama wuta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi wata yamma da mota take tsaye a fili, ka zauna da wanda ya sani, ka murza kowane maɓalli, ka sa hannu ka ji ta inda iska take fitowa, har yatsunka su gane su ba sai ka duba ba. A yi haka kafin ruwan farko, a sake kafin ɗari. Ki koya wa ƙannenki, ka koya wa matarka in tana tuƙi.

In kuma kai fasinja ne a motar haya, ka ga gilashi ya rufe direba yana fama da tsumma, kada kunya ta hana ka magana don ya girme ka. Ba sai ka nuna masa ka fi shi sani ba. Ka ce, Baba direba, don Allah a ɗan taimaka a tura iskar nan gilashi, ko mu sassauta taga ta nan baya. In motar ba ta da ko ɗaya, ka karɓi tsumman ka riƙa goge masa, ya mayar da hannunsa biyu kan sitiyari.